TASHAR RAHAMA DA ƘARAMIN JIRGIN KUZA



A taron ƙungiya da ya wuce an daɗe ana gardama kan jirgin ƙasan da ake shimfiɗa ma hanya daga Kano zuwa Maraɗi. Wasu na murna. Wasu kuwa na cewa mu mutanen Tasawa da Mayahi ba mu da rabo ciki, tun da ba ta ƙofarmu zai bi ba. Ana cikin haka sai wani dattijo ya ɗaga sandarsa ya ce shi kakansa ya ga jirgi tun ba a haifi uban kowa cikinmu ba, har ya yi rani biyu yana dako a Rahama. Samari da ke baya suka ce amin, sun zaci addu'a yake yi. Ashe babu wanda ya taɓa jin sunan wurin cikinsu. Abin ya ba mu dariya, daga baya kuma ya ba mu kunya, don mu da ke koyarwa a lakwal muna iya zana ma yara hanyar jirgin Dakar zuwa Bamako a allo, amma tashar da kakanninmu suka zubar da gumi ba ta cikin littafinmu. Shi ya sa muka ɗauki alkawarin kawo tarihinta a wannan fitowa.

Mu fara da gida. Muna da gari mai suna Maijirgi cikin ƙasar Tasawa, amma ko taku ɗaya na dogo ba a taɓa shimfiɗawa ba a nan. Sunan ma ya girmi jirgin ƙasa. A watan Yuli na 1899 aka kashe Voulet da Chanoine a Maijirgi, bayan ɓarnar da suka yi tun daga bakin Kwara, kuma a lokacin babu inda jirgi ya kai cikin ƙasar Hausa duka. Sai a 1911 dogo ya iso Kano daga Baro, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Kafin nan Faransa da Ingila sun riga sun ja iyaka tsakaninmu da Katsina da Daura, an kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Jirgi ya faɗa wancan gefe, mu muka faɗa wannan. Duk wanda ya so ganinsa cikinmu sai ya taka fiye da kilomita 200, ta Korgom, Daura, Kazaure da Dambatta, tafiyar mako guda ko kwana goma in akwai jaki da kaya.

Rahama kuwa tana can gaba da Kano, gaba da Zariya, kudu maso gabas, a gindin duwatsun da ake hawa zuwa Jos. Ƙasar Zazzau ce, kusa da Lere, inda Kurama da Hausawa da Fulani ke zaune. Yau tana cikin jihar Kaduna. Abin da ya kawo mata jirgi shi ne kuza.

Kuza ba baƙuwa ba ce ga Hausawa. Tun kafin zuwan Nasara maƙeran Liruwe suna wanke ta daga yashin rafi, su narke ta, su zuba ta sanda-sanda, fatake su kai Kano. Wajen 1902 kamfanin Neja ya bi sawun waɗannan sanduna har ya gano inda take da yawa, wato kan tudun Naraguta da Bukuru. A Turai ana neman ta ƙwarai, don da ita ake shafe gwangwanin abinci kada ya yi tsatsa, da ita kuma ake liƙin ƙarfe. Zuwa 1910 kamfanoni sun yi ca a kan tudun. Matsalarsu ɗaya ce: yadda za a fitar da kayan. A kai ake ɗaukar kuza, mutum ɗaya kilo 25 zuwa 30, a yi ta tafiya wajen kilomita 300 har Loko a bakin Binuwai, daga nan a zuba cikin jirgin ruwa zuwa Burutu, sannan Ingila. Kuɗin dako na cin riba, kuma manyan injuna ba su ɗaukuwa a kai. Kamfanoni suka matsa ma gwamnati sai ta yi musu dogo.

Gwamnati ba ta so kashe kuɗi da yawa ba, sai ta yi ƙaramin layi. Aka fara shi daga Zariya a 1911, aka sa masa sunan Bauchi, don a lokacin tudun Jos cikin lardin Bauchi yake, ko da yake jirgin bai taɓa zuwa birnin Bauchi ba. Faɗin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe santimita 76 ne kawai, alhali na babban layin Kano ya kusa santimita 107. Mun auna wannan a farfajiyar lakwal da sandar mita, yaro ɗan aji biyu ya tsallake shi ba tare da ya ja da baya ba. Amma ƙaramin layi yana da amfaninsa: ƙarfensa ba nauyi, gadojinsa ba tsada, kuma yana iya shan kwana mai tsanani, abin da ake bukata in za a hau dutse. Ya bi ta Soba, Dutsen Wai da Kudaru, ya iso Rahama a 1912, wajen kilomita 140 daga Zariya. A nan ya tsaya.

Wannan tsayawa ita ce duk arzikin Rahama. Na ɗan wani lokaci nan ne ƙarshen dogo, tsakaninta da ramukan kuza kuwa akwai saura wajen kilomita 70 na hawa. Ku dubi abin da hakan ke nufi. Duk buhun kuza da aka haƙo a Naraguta ko Bukuru sai ya sauko Rahama a kan mutum ko a bayan jaki. Duk injin, duk kwanon rufi, duk akwatin kayan kanti da aka aiko daga Ikko sai an sauke shi Rahama a nemi masu ɗauka. Inda ake sauke kaya dole a gina sito, a kafa sikeli, a ajiye akawu. Inda ƴan dako ke kwana dole a samu mai tuwo, mai fura, mahauci, wanzami, mai ɗinkin taiki, da malamin da zai rubuta ma mutum laya kafin ya hau dutse. Fatake da ke da jakai suka ga ciniki ya zo musu har gida. Wuri ne da bai kai a ambata ba a da, sai ga sunansa cikin takardun kamfanoni har Landan.

A daidai wannan lokaci ne Allah ya jarrabi ƙasarmu. Damanar 1913 ba ta yi ba, 1914 aka shiga yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba. Rumbuna suka ƙare, lampo kuwa bai ƙare ba, kumandan na nan na jiran kuɗinsa, ga kuma aikin dole. Mutane suka kwarara kudu. Wasu suka tsaya Katsina, wasu Kano, inda cinikin gujiya, wadda Kanawa ke ce ma gyaɗa, ya fara bunƙasa tun 1912. Masu ƙarfi cikin samari suka zarce inda aka ce ana biyan lada da kuɗin ƙarfe ƙarshen mako. Kakan dattijon nan namu cikinsu yake. Abin da ya bar ma ƴaƴansa na labari bai da yawa: nauyin buhu, sanyin dutse, da yadda ya ɗinke sulallansa cikin ɗamara ya dawo da su gida ya biya lampon gidansu duka. Jirgin kansa, in ji su, bai hau shi ba sai sau ɗaya, don tikiti ya fi ƙarfin ɗan dako. Da ƙafa ya je, da ƙafa ya komo.

A nan muna so mu faɗi ra'ayinmu, ko da wasu ba za su ji daɗi ba. Muna yawan yabon jaruntakar kakanninmu, kuma sun cancanci yabo. Amma in an duba wanda ya ci ribar Rahama, kamfani ne da farko, sai ɗan kwangila da ke tara leburori, sai mai jakai, sai mai sito. Namu sun je da wuyansu kawai, suka dawo da kuɗin lampo da turmin alawayyo. Da wuya ka ji an ce wani daga ƙauyukanmu ya kafa rumfa a bakin tashar.

A 1914, shekarar da Lugard ya haɗe kudu da arewacin Najeriya, aka gama hawan dutse. Dogo ya wuce ta Jengre ya kai Jos da Bukuru, tsawonsa duka ya zama wajen kilomita 230. Zariya na kan tudun mita 650 ko kusa da haka, Jos kuwa wajen mita 1200, saboda haka daga Rahama zuwa gaba jirgin nishi kawai yake yi. Ranar da kan jirgi ya fara wucewa bai juya ba, ranar ce Rahama ta koma tashar kan hanya. Kuza na wucewa cikin tarago a rufe, ba mai taɓa ta. Ƴan dako suka bi aiki sama, suka zama leburorin rami, masu ɗaukar ƙasa da kwano zuwa wurin wanki. Abin da ya rage ma tashar shi ne shayar da kan jirgi ruwa, lodin hatsi da itace zuwa barikokin kuza, da ƴan tallan da ke rugowa in sun ji usur.

Duk da haka kada a raina wannan saura. Barikokin kuza ba su noma, ga bakuna dubbai, abincinsu kuwa daga ƙasan dutse yake hawa. Manoman Lere da Kudaru sun samu kasuwar dawa, masu shanu sun samu ta nama. Shekara 13, daga 1914 zuwa 1927, wannan ɗan siririn layi shi kaɗai ne ƙofar jirgi zuwa Jos.

Yana da wani aibi da aka haife shi da shi. Tun da faɗinsa bai yi daidai da na babban layi ba, taragonsa ba ya iya hawa dogon Ikko. Kowane buhu sai an sauke shi a Zariya an sake loda shi cikin wani tarago, kaya masu hawa su ma haka. Aiki biyu, lada biyu, ɓata lokaci, ga fashewar buhu. Ƴan dakon Zariya sun ji daɗin wannan, kamfanoni kuwa ba su daina ƙorafi ba. Sannan injunan haƙa suna son kwal, kwal kuwa a Inugu yake, can kudu maso gabas. Da aka ja layin gabas daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi, sai aka fitar masa da reshe daga Kafanchan ya hau Jos a 1927, mai cikakken faɗi. Aka faɗaɗa guntun da ke tsakanin Jos da Bukuru. Daga ranar kuza ta juya fuska zuwa Fatakwal, kwal na hawowa ta hanya guda. Ƙaramin jirgi ya rasa kayan da aka gina shi dominsu tun bai cika shekara 16 ba.

Ya ƙara shekara 30 bayan haka, kuma a waɗannan shekaru ne yawancin mutanenmu suka san shi. Ɗan ci-rani ya gama girbi, ya taka zuwa Kano, ya hau babban jirgi zuwa Zariya, ya sauka ya nemi ƙaramin. Tsofaffi na ba da labarin rashin saurinsa, har sukan ce in ya kama hawa mutum na iya dirowa ya kama ruwa ya sake cim masa. Mu dai haka muka ji, kuma kun san hirar tsofaffi ba ta rasa gishiri. Suna tuna tartsatsin wuta da ke huda riga, da yadda iska ke sauyawa bayan an bar Rahama, mutum ya fara laluben bargo. Ga wanda ya tashi cikin rairayin Mayahi, inda dutse sai an nema, ganin duwatsun Kudaru kaɗai abin ba da labari ne shekara guda.

Lokacin yaƙin duniya na biyu abin ya yi muni. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, sai aka juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa tara talakawa daga lardunan arewa ana kai su rami ala tilas, abin da suka kira diban gwamna. Sanyi da ƙarancin abinci da cuta sun kashe da yawa. Mu a wannan gefe muna ƙarƙashin gwamnatin Vichy har ƙarshen 1942, iyaka a tsare, ga namu aikin dolen da bai ƙare ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946. Wanda ya gudu daga nan a shekarun nan, abin da ya gudar ma shi ya tarar a can.

Bayan yaƙi sai mota ta shigo da ƙarfinta. Babbar mota na ɗaukar kaya daga kasuwa ta sauke a kasuwa, ba sauyin tarago, ba jiran ranar jirgi. An kafa hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya a 1955, ta duba lissafi ta ga layin ba ya biyan kansa. A ƙarshen Satumba 1957 aka rufe shi, aka kwashe ƙarafa. Yau hanyar mota daga Zariya zuwa Jos na bi ta wannan yanki, ta Soba, Dutsen Wai, Pambeguwa da Jengre, amma sunan da direbobi da ƴan kasuwar masara suka sani a wurin shi ne Saminaka. Da yawa cikinku sun sha wucewa nan cikin dare ba su san sun gifta Rahama ba.

Kuza ita ma ta bi baya. Kasuwarta ta duniya ta rushe a 1985, manyan kamfanoni sun watse, an bar ma Birom da maƙwabtansu ramuka cike da ruwa inda gonakinsu suke a da. Abin da ya tsira na jirgin shi ne kawuna da ƴan taragon da aka ajiye wajen gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Ku ƴan uwa da ke zaune Jos, in hali ya yi ku kai yaranku su gani, ku aiko mana da hoto mu liƙa a aji.

A wasu ƙasashe irin waɗannan ƙananan layuka ba su mutu ba. Na Darjeeling a Indiya, wanda ya fi na Bauchi ƙanƙanta, an buɗe shi a 1881, kuma a 1999 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. A ƙasar Wales ta Birtaniya akwai wani mai suna Talyllyn, na ɗaukar dutsen rufin ɗaki, wanda ya kusa rufewa, sai wata ƙungiya ta masu sa kai ta karɓe shi a 1951 ta ci gaba da tafiyar da shi don baƙi. Shekara shida kenan kafin a kwashe na Rahama. Ƙungiya ce fa kamar tamu, ta mutanen da ke tara ɗan abin da suke da shi.

Ta ɓangaren Nijar labarin gajere ne. Faransa ta yi ta maganar jirgin da zai ratsa Sahara, bai zo ba. Na Kwatano ya tsaya Paraku a 1936. Daga 1953 aka riƙa karkatar da wani kaso na gujiyarmu ta can da motoci, maimakon Kano. An shimfiɗa wajen kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, amma tun da bai haɗu da na Paraku ba, bai samu kayan ɗauka ba. Ingilishi kuwa sun matso kusa da mu ta gefe biyu, Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, duka don gujiya, auduga da fatu.

To yanzu ga na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairu 2021, wajen kilomita 284, faɗinsa santimita 143 da rabi. Ku dubi inda aka tsara zai bi: Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya. Daga Kano zuwa Daura sawun kakanninmu ne sak. Masu cewa ba mu da rabo su ɗauki taswira su auna da zare, za su ga Daura ba ta fi Maraɗi nisa daga Tasawa ba. Mutanen Mayahi su Maraɗi ce tasu. Kuma Maraɗi ce za ta zama ƙarshen dogo, wato matsayin da Rahama ta riƙe da dogo ya iso ta a 1912: wurin da kaya ke sauka daga tarago su hau wani abu. A irin wannan wuri mai sito da mai abin sufuri ke cin kasuwa, kuma ba a san shekara nawa za a yi kafin a ja layin gaba ba.

Akwai kuma iyaka, wadda Rahama ba ta sha fama da ita ba. Mun ga an rufe ta daga 1984 zuwa 1986, an sake daga 2019 zuwa 2020, an kuma a 2023. Wanda zai zuba dukiyarsa duka a bakin tasha ya tuna da wannan.

Muna da wake, muna da riɗi, muna da aya da bisashe. A yau kowa na sayar da nasa tiya-tiya tun da kaka, lokacin da farashi ke ƙasa, ɗan kasuwa ya tara ya kai Dawanau. Tarago ba ya karɓar tiya. Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa maganar sito na haɗin gwiwa cikin ajandar taron bayan girbi, a kuma ji ta bakin ƴan uwanmu direbobi kan halin da hanyar Korgom ke ciki da damana.

Roƙo na biyu ga dattawa ne. Wanda ya hau ƙaramin jirgin nan yana saurayi a 1957 yau ya haura 80. In akwai irinsu a unguwarku, ko wata tsohuwa da ta yi tuwon sayarwa a barikin kuza, ku sanar da sakataren ƙungiya. Za mu zo da littafi da alƙalami ranar da ba lakwal, mu zauna mu rubuta. Wanda ke da tsohon tikiti, takardar lampo ko katin aiki cikin adaka, ya ba mu aro, za mu kwafa mu mayar masa da abinsa.